Wutar sola a Sakkwato: abin da ke tura mutane gare ta da abin da ke riƙe musu ƙafa

Wutar lantarkin da ke isowa birnin Sakkwato tana yin doguwar tafiya kafin ta zo. Daga tashar Kainji ake ɗauko ta a kan babban layi zuwa Birnin Kebbi, daga can kuma a turo ta a kan layin da bai kai wancan ƙarfi ba, sannan kamfanin Kaduna Electric, wanda ke rarraba wuta a jihohin Kaduna da Kebbi da Zamfara da Sakkwato, ya raba ɗan abin da ya samu. Ƙasar baki ɗaya, mai mutane fiye da miliyan 200, yawanci tana watanda ne da megawat 4,000 zuwa 5,000, saboda haka wanda ke zaune a ƙarshen layi ya riga ya san rabonsa. Ƙauyuka da yawa a cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar ba su taɓa ganin falwaya ba, wasu kuma an kafa musu turakun amma wayar ta daɗe ba ta ɗauki wuta ba. A wannan ƙasa ce kuma ake samun hasken rana da ya kai na ko'ina a Najeriya ƙarfi da daɗewa, kusan kilowat-awa 6 a kan kowace murabba'in mita a wuni. Duk mai duba waɗannan abubuwa biyu zai yi tsammanin a ce sola ta gama mamaye rufin gidaje da fadamu tun tuni. Ba ta yi ba, ko da yake tana bazuwa, kuma dalilan jinkirin ba su ne waɗanda aka fi yawan faɗa a wuraren taro ba.

Abin da aka fi faɗa shi ne wai mutane ba su waye ba, sai an wayar musu da kai. Ban yarda da wannan ba. Mai cajin waya a bakin tasha, da mai shagon magani da ke son firjinsa ya yi sanyi, da manomin albasa a Wurno, duk sun san abin da farantin sola ke yi, sun kuma san kuɗinsa fiye da mai yi musu lacca. Abin da ya hana su a shekarun baya lissafi ne, kuma lissafin nasu daidai yake. Muddin litar fetur tana ƙasa da naira 200 saboda tallafin gwamnati, ƙaramin janareta shi ne hanya mafi sauƙi ta samun wuta, domin injin ba shi da tsada, kowane makanike ya iya gyaransa, kayansa kuma suna nan a kasuwa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin, cikin kwanaki kaɗan lita ta haura naira 500, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. A Afrilun 2024 hukumar da ke kula da farashin wuta ta ƙasa ta ɗaga kuɗin rukunin da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana zuwa naira 225 kan kowane kilowat-awa, daga ƙasa da naira 70. Babu wani shirin wayar da kai da ya taɓa kawo wa masu sayar da sola ciniki kamar yadda waɗannan matakai biyu suka kawo.

Sai dai guguwar da ta turo mutane ita ce kuma ta ɗaga musu farashin abin da suka zo nema. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a farkon 2024. Faranti da batir da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke aiki da ita, kusan duk daga waje ake shigo da su, galibi daga Sin, a sauke su a Legas, sannan a ɗora kuɗin mota zuwa Kano ko Sakkwato a kan dizal da shi ma ya yi tsada. A kasuwar duniya farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, ya kuma ci gaba da sauka bayan nan, amma faɗuwar naira ta cinye babban kaso na wannan rahusa kafin ta iso hannun mai saye a nan. Albashi da kuɗin amfanin gona ba su bi dala a guje ba.

A nan ne ainihin matsalar take, kuma ta fi tsadar kaya zurfi. Fetur ana sayensa ne kaɗan-kaɗan, yau lita biyu, jibi lita uku, gwargwadon abin da ya shigo aljihu, idan babu kuma a haƙura a kwana a duhu. Sola kuwa tana neman a biya kuɗin wutar shekaru masu yawa a rana ɗaya. Idan aka tara abin da mai janareta zai kashe a shekara biyu ko uku, sau da yawa ya zarce kuɗin solar da za ta yi masa aiki iri ɗaya, amma wannan lissafi yana amfanar wanda ke da dunƙulallen kuɗi ne kawai. Shi ya sa ake ganin faranti a kan rufin manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda da ma su ne suka fi iya jure tsadar mai, alhali talakan da fetur ya fi ci wa tuwo a ƙwarya yana nan yana biyan wuta mafi tsada a garin, lita bayan lita.

A duba manomin rani a fadamar Gulbin Rima, ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo. Yana da ƙaramar rijiyar burtsatse a gefen gona, da injin ban-ruwa na fetur, da doguwar mesa da yake ja daga fangali zuwa fangali. Albasa ko tafarnuwa ba ta jiran a samu kuɗin mai, idan ranar ban-ruwa ta zo sai a ba ta, in ba haka ba ta nuna a jikin ganye. Saboda haka tun daga dashe har cira, tsawon watanni, yana fitar da kuɗi ba tare da komai na shigowa ba, sau tari ma bashi yake ci a hannun dillalin da zai saye amfanin a farashin da ya ga dama. Bayan cire tallafi wasu manoma sun rage faɗin gonar da suke nomawa, wasu kuma sun kai injinan an juya su suna aiki da tukunyar gas ta girki. Wanda ya samu halin sayen famfon sola ya fita daga wannan ƙangi gaba ɗaya: faranti kaɗan a jingine a kan ƙarfe suna fuskantar rana, waya ta tafi ga famfo, da hantsi ya ɗaga ruwa ya fara zuba, ba ƙara, ba hayaƙi, ba zuwa neman mai a jarka. Abin da ya sa wannan ya fi kowane amfani da sola riba shi ne babu batir a cikinsa. Lokacin da shuka ke son ruwa shi ne lokacin da rana take, kuma noman rani yana faɗowa ne a watannin da babu girgije. Matsalolinsa sanannu ne: hazon hunturu yana rage ƙarfin ruwan, ban-ruwan dare ba ya yiwuwa, sannan dole a kwashe farantan a kai gida kowace yamma a kan babur ko amalanke saboda ɓarayi, kuma wannan ɗauka da saukewa tana fasa gilashi. Duk da haka, da za a tambaye ni inda naira ɗaya ta tallafi za ta fi yin aiki a jihar nan, zan ce a fadama.

To, me ya hana a ba wannan manomi famfo ya biya bayan ya sayar da albasa? Bankunan kasuwanci ba su da sha'awarsa, domin ba shi da takardar fili da za a riƙe, kuma tun da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, bashin banki ya fi ƙarfin ƙaramar sana'a. Ga kuma abin da masu tsara shirye-shirye daga Abuja ko ƙasashen waje kan yi wa riƙon sakainar kashi: mutumin Sakkwato da yawa ba zai karɓi bashi mai ruwa ba ko da an sauƙaƙa shi, saboda riba haramun ce, kuma wannan matsayi ne da ya cancanci a girmama shi, a gina tsari a kansa. Hanyar tana nan a cikin fiƙihun da malamanmu ke karantarwa. A murabaha mai kuɗi yana sayen kayan, ya sayar wa mai buƙata da ƙarin da aka sani tun farko, a biya a hankali. A ijara kuma ana ba da hayar kayan har a kai ga mallaka. Bankin Jaiz ya fara aiki a kan irin wannan tsari tun 2012, wasu kuma sun biyo baya. Kamfanonin da ke sayar da ƙaramar solar gida ta fitila da fanka da talabijin a biya duk wata ta waya, na'urar ta kulle idan ba a biya ba, sun nuna cewa talaka yana biyan bashi idan an yanka masa shi daidai bakinsa. Abin da ya rage shi ne a daidaita lokacin biya da lokacin samu. Manomi ba ma'aikacin albashi ba ne, kuɗinsa yana zuwa ne sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma ƙungiyoyin manoma da 'yan adashi, waɗanda suka san wanda ke cika alkawari da wanda ba ya cikawa, sun fi kowace takardar banki iya tsaya masa.

Shinge na biyu shi ne rashin amana a kan kaya da masu haɗa su, kuma zafin Sakkwato yana tona asirin kowane ha'inci da wuri. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25, alhali a watan Afrilu da Mayu iskar garin kanta tana wuce digiri 40, farantin da ke kwance a kan kwano kuma yana iya haura 60. Kowane digiri ɗaya a sama da 25 yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari na abin da yake bayarwa, wato a tsakiyar bazara ana iya rasa kusan kashi 15 cikin ɗari tun kafin a yi maganar ƙura. Wannan asara ce da ake iya ragewa, idan aka bar tazara tsakanin faranti da kwano iska ta riƙa wucewa, aka kuma riƙa goge shi da sassafe a lokacin hunturu. Batir ne babban abin kuka. Batirin dalma, wanda shi ne mafi araha, rayuwarsa tana raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10 na zafin wurin da aka ajiye shi, kuma idan ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare ba ya daɗewa. Sai ka ga an jera batura a lungun ɗaki marar taga, an ɗora musu firji da dutsen guga, an haɗa da siririyar waya, bayan shekara guda wutar ba ta kai ƙarfe goma na dare. Ƙari a kan haka akwai farantan da aka liƙa wa takardar ƙarfin da ba su da shi, da tsofaffin baturan da aka wanke aka sayar a matsayin sababbi. Batirin litiyam ya fi jure zafi da tatsa, yana kuma shekaru da yawa, amma kuɗinsa na farko ya fi yawa, sai mu sake komawa ga matsalar dunƙulallen kuɗi.

Illar wannan ba ta tsaya ga wanda aka cuta ba. Mutum ɗaya da solarsa ta mutu a unguwa ya isa ya hana goma saye, domin a wurinmu shaidar maƙwabci ta fi talla ƙarfi. Yaran da ke wannan sana'a da yawa masu basira ne, sun koya a hannun ubangida ko ta bidiyon waya, amma ba a koya musu yadda ake auna nauyin kayan gida kafin a zaɓi batir ba, kuma yawancinsu ba su da wata shaida da mai gida zai nema ya bambance gwani da ɗan koyo. Abin takaici shi ne ilimin yana nan cikin garin. Tun 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ta yi aiki a kan na'urar busar da amfanin gona da rana, da murhun da ke rage cin itace, da gas na kashin dabbobi, an sa wa ƙauyen Kwalkwalawa sola, an kuma kafa injin iska mai kilowat 5 a Sayya Gidan Gada, tun lokacin da yawancin ƙasar ba ta san waɗannan abubuwa ba. Hanyar da za ta haɗa wannan cibiya da matashin da ke hawa rufin mutane da sukundireba ita ce ba a share ba, kuma gajeren horo mai takardar shaida ba abu ne mai cin kuɗi ba.

Ayyukan gwamnati da na 'yan majalisa sun ƙara wa mutane shakku. Fitilun kan titi masu sola da rijiyoyin burtsatse masu sola an kafa su da yawa, an yi bikin buɗewa, kuma duk mai yawo a ƙauyuka ya ga waɗanda suka mutu. Yawanci ba farantin ne ya lalace ba, batir ne ya ƙare, ko famfo ya ƙone, ko an sace waya. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kasafin kuɗi bai ware ko kwabo na gyara ba, mutanen gari kuma ba a ce musu nasu ba ne, balle su tara abin canza batir. Inda aka ɗora wa wani kwamiti ko mutum ɗaya alhakin karɓar ɗan kuɗi a kan kowace jarkar ruwa, rijiya takan rayu.

Manyan tashoshi labarinsu gajere ne. A 2016 gwamnatin tarayya ta sa hannu da kamfanoni 14 don gina tashoshin sola da jimillarsu ta haura megawat 1,000, mafi yawansu a Arewa, amma aka kasa daidaitawa a kan farashi da lamunin biya, shirin ya tsaya a takarda. Tashar iska mai megawat 10 da ke Lambar Rimi a Katsina ta kwashe fiye da shekara goma ana fama. Mai zuba jari yana tambaya ɗaya ce, wa zai saye wutar kuma zai biya, kamfanonin rarraba wuta kuwa ba sa iya tattara cikakken kuɗin abin da suka raba. Ba wai abin ba ya yiwuwa a wannan yanki ba ne. An buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kano a Janairun 2023, sannan Nijar, wadda Najeriya ta yanke wa wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023, ta fara amfani da tashar Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai a Nuwamban wannan shekara. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu, wanda ƙofa ce babba, sai dai doka ba ta biyan kuɗin wuta, kuma jihar da ma'aikatunta ba sa biyan nasu da wuya ta shawo kan mai jari.

Abin da ya fi dacewa da ƙauyukan da layi bai kai ba shi ne ƙaramar tasha ta gari ɗaya, faranti da batir a fili guda, a ja waya gida-gida da mita. Tun 2016 aka yi mata ƙa'ida, tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista kawai take buƙata, kuma a Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin da ke son kai wuta ga mutum miliyan 17.5 ta irin waɗannan hanyoyi, ƙarƙashin Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara. Rayuwar irin wannan tasha tana rataye ne a kan cinikin rana. Idan duk abin da gari ke kunnawa ƙwan fitila ne da cajin waya da dare, kuɗin da ke shigowa ba zai canza batir ba. Sai an samu mai injin niƙa, da mai walda, da mai ƙanƙara, da masu casar shinkafa sun bar dizal sun hau layin, kuma su ma suna buƙatar bashin sayen injin lantarki kafin su hau. A gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, akwai shingen da ya fi duk waɗannan, domin babu kamfanin da zai kafa kayan miliyoyi a garin da mutanensa ke kwana da shirin gudu, kuma injiniya ba zai bi hanyar da ake tare mutane don ya je gyara ba. Waɗanda suka fi kowa buƙatar wutar su ne rashin tsaro ya tura ƙarshen layi.

Akwai kuma ɓangaren da zancen sola ke rufewa, alhali ya fi shafar yawan gidaje. Makamashin da gidan Basakkwace ya fi ci shi ne na murhu, kuma har yanzu itace ne da gawayi da kara, a jihar da hamada ke matsowa daga arewa, inda ake dasa itatuwa a ƙarƙashin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ana kuma sare wasu don dafa tuwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a 2020, mata da ƙananan yara kuma su ne ke zaune a bakin murhu. Gas na girki ya fara shiga gidajen birni, amma duk lokacin da kuɗinsa ya tashi sai a ga an koma gawayi, saboda gawayi ana sayensa na ɗari biyu, tukunyar gas kuwa sai an tara. Gas na kashin shanu yana da kyau a wurin da dabbobi ke ɗaure kuma ruwa ya wadata, kamar mahauta da gidajen kiwo, amma ga makiyayi mai tafiya, ko manomin da ke buƙatar kashin a matsayin taki, bai dace ba. Murhu mai rage cin itace shi ne mafi kusa da hannu, maƙera da magina tukwane na gari za su iya yin sa. Inda yake gamuwa da cikas shi ne a kan tukunya: idan bai ɗauki babbar tukunyar gidan mutum ashirin ba, ko yana girgiɗi lokacin da ake tuƙa tuwo da muciya, uwargida za ta ajiye shi ta koma kan duwatsunta uku, kuma da gaskiyarta. Mai gida ne ke riƙe da kuɗin saye, ita ce ke shaƙar hayaƙin, kuma masu ƙera murhun ba kasafai suke shiga cikin gida su tambaye ta yadda take girki ba kafin su zana shi.